Ɗakin Gwaggo Harira a Gidan Mando

Abakpa, Kaduna
22 ga Afrilu

Sharhabil,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Zahra'u da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Maigidana Malam Haruna yana gaishe ka.

Na rubuto ne saboda wayarmu ta ranar Lahadi ba ta haifar da komai ba sai ihu. Kana can wurin aikinku a tsakiyar teku, layi yana yankewa, ina magana kana magana. A rubuce dai dole ka kai ƙarshe kafin ka ba ni amsa.

Jikin Gwaggo Harira da sauƙi. Tana cin abinci, bakinta ya fara komawa daidai, ana gane maganarta. Ranar Alhamis a wurin gashin ƙashi a asibiti har ta miƙe tsaye. Hannun hagu da ƙafar ne dai har yanzu sai a hankali.

Maganar gininka na Mando. An gama zuba dekin, ana shirin ɗora bulo a sama. Tun da ka ɗora mini kula da aikin nan ban taɓa sa baki a zanenka ba, amma yanzu dole in sa. An yi zanen ne lokacin da mahaifiyarka take zuwa kasuwa da ƙafarta. Duk ɗakunan kwana a bene suke. A ƙasa babu komai sai falo biyu da kicin da sito da banɗakin baƙi, wanda ko ni sai na karkata nake shiga. Ta ina keken da ake tura Gwaggo a kai zai bi?

Wanda ya yi maka zanen ya koma Abuja, ba ya ɗaga waya. Ƙanwar Malam ta haɗa ni da wata mai zanen gine-gine, Malama Ilham, ofishinta yana Unguwar Sarki. Ta je ta auna. Ta ce za a iya haɗe ƙaramin falo da sito a fitar da ɗaki mai banɗaki a ciki, a faɗaɗa ƙofofi, a yi gangaren siminti a bakin shiga maimakon matakala. Kuɗinta naira dubu ɗari huɗu da hamsin, har da injiniyan da zai duba ginshiƙai, da kai sabon zanen wurin hukuma a buga hatimi.

Ka turo a fara kafin damina ta kankama. Gyaran nan ba Gwaggo kaɗai zai amfana ba, ni ma zan ci moriyarsa.

Hassana

*

Fatakwal
6 ga Mayu

Yaya Hassana,

Wa alaikumus salam. Na sauko daga teku shekaranjiya na tarar da saƙonki. Muna lafiya. A gaida Malam, a gaida Inna da jiki.

Na yi murna da jin Inna ta miƙe. Wanda ya miƙe a Afrilu, in Allah ya yarda kafin a gama ginin nan yana takawa. To me ya sa za a farfasa mini gida saboda lalurar da take kan wucewa?

Kin san dalilin da ya sa na kai ɗakinta sama. Shekara ashirin da wani abu Inna tana haya a ɗaki ɗaya a bayan shagon tela, duk damina sai mun ɗora katifa a kan kujeru muna kwashe ruwa da kwano. Na yi mata alkawarin ɗakin da ruwa ba zai taɓa shigar mata ba, mai baranda, ta zauna ta sha iska. Ke yanzu kina so in mayar da ita sito.

Sai maganar kuɗi. Zanen gidan gaba ɗaya, sama da ƙasa, dubu ɗari biyu na biya. Yanzu a goge layi biyu a ja wasu biyu, a ce mini dubu ɗari huɗu da hamsin? Na tambayi abokan aikina, duk dariya suka yi. Kuma na lura da abu biyu a wasiƙarki. Mai zanen ta hannun dangin mijinki ta zo. Sannan da hannunki kika rubuta cewa ke ma za ki ci moriya. Na gode da ba ki ɓoye ba. Nawa ne naki a ciki? Da kin ce mini kina da buƙata, da na ba ki ba tare da an bi ta bayan gida ba.

Ba zan turo ba. A ci gaba da aiki yadda yake a takarda.

Sharhabil

*

Abakpa
8 ga Mayu

Sharhabil,

Muna lafiya, tunda al'ada ce a faɗa.

Na karanta wa Malam wasiƙarka da bakina. Ya sa hularsa ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Ni kake tambaya nawa ne nawa? Ni da na goya ka a bayana lokacin da Gwaggo take suyar ƙosai? Mahaifina da mahaifiyarka ciki ɗaya suka fito, wasa ne ya kamata ya kasance tsakanina da kai, amma wannan ba wasa ba ne. Shekara biyu ina fita daga ofis in hau Keke Napep zuwa Mando in ƙirga maka buhunan siminti. Ka taɓa ba ni kuɗin mota? Na taɓa tambaya?

Bari in fassara maka Hausar da ka kasa ganewa. Moriyar da zan ci ita ce bayana ya huta. Ni nake ɗaga Gwaggo daga gado, ni nake kai ta banɗaki, ni nake juya ta kada jikinta ya yi gyambo. In gidanka ya karɓe ta, Zahra'u ta dawo kamar yadda kuka tsara, sai in riƙa zuwa dubiya kamar kowa. Kason nawa ke nan.

Miƙewar da kake murna da ita kuwa, mutum biyu ne suka riƙe ta a hammata, na uku ya dafe gwiwar. Ba ta kai minti ɗaya ba ta ce a zaunar da ita. Likita ya faɗa mini a gaban Malam cewa in ta iya takawa daga gado zuwa ƙofa da sanda, mu gode wa Allah. Bene kam ta gama hawansa.

Dubu ɗari biyun da kake tunawa, a lokacin nawa ne buhun siminti, yanzu nawa ne? Abokan aikinka da suka yi dariya, a cikinsu wa ya taɓa ganin gidan? Malama Ilham ta ce ba jan layi ake biya ba, bangon da za a cire akwai nauyin bene a kansa, sai an lissafa inda nauyin zai koma. Ga lambarta a ƙasa. Kira ta da kanka ka tambaye ta ko nawa ta ware mini.

Hassana

*

Fatakwal
15 ga Mayu

Hassana,

Lafiya ƙalau. A gaida Inna.

To yanzu na gane. Ashe gajiya kika yi da ita. Sai ki faɗa tun farko, ba sai kin kawo mai zane ba. Ban san uwata ta zama kaya a gidanki ba. Duk wata ina turo kuɗin magani da na abinci, ban taɓa fashi ba.

Tunda ɗaki a ƙasa kuke so, za a yi, amma ba da kuɗin ofishin Unguwar Sarki ba. Na yi waya da Shamsuddeen birkila. Ya ce bango ne kawai, shi da yaransa za su sauke shi a yini biyu, ladansu dubu sittin. Na tura masa. Na kuma gaya masa daga yau ni zai riƙa kira kai tsaye. Ki huta da zuwa Mando, ki huta da kuɗin Keke Napep.

Gobe zan koma teku.

Sharhabil

*

Abakpa
4 ga Yuni

Sharhabil,

Gwaggo tana lafiya. Ta yi mura ta warke. Kullum sai ta tambaye ni ko ka kira.

Ka ce in huta, na huta. Ban taka Mando ba sai jiya, da Shamsuddeen ya zo har ofis yana zufa ya ce in zo in gani, shi ya kira ka ya gaji ba ya samunka.

Sun sauke bangon. A tsakiyarsa akwai ginshiƙi, ya ce ya gaya maka, ka ce ɗaki ba ya kyau da gungume a tsakiya, a cire. Suka sare shi har rodi. Kwana kaɗan aka yi ruwan nan mai ƙarfi. Yanzu dekin ya tsage tun daga kan matakala har bangon kicin, tsagar tana cin ɗan yatsana. Tsakiyar ya ɗan lotsa, ruwa yana taruwa a wurin yana ɗiga daidai inda gadon Gwaggo zai zauna. Bulon da aka ɗora a sama ma ya buɗe a kusurwa.

Na kori kowa daga ciki, na sa kwaɗo. Na kira Malama Ilham duk da kunyar da nake ji. Ta zo, ta tsaya daga bakin ƙofa ta leƙa, ta ƙi shiga. Ta ce, "Hajiya, wa ya ba da umarnin wannan?" Na ce mai gidan. Ta ce, "Allah ya tsare da babu wanda yake ƙarƙashi." Ta sa an kawo turakun ƙarfe na haya an tokare dekin kafin magariba.

Yanzu aikinta ya tashi daga gyaran zane ya koma ceton gini. Sai injiniya ya gwada dekin, a zana sabon bim da zai tallafe dekin ta ƙasa, da ginshiƙai biyu, a sake kai wa hukuma. Nata da na injiniya dubu ɗari tara. Kayan aiki da leburori daban, ba ta gama lissafi ba. Ta ce in an bar shi haka har Agusta, ba ta ɗauki alhakin komai ba.

Ban ce maka komai ba. Lambar asusunta tana ƙasa, da sunanta, don kada kuɗinka ya bi ta hannuna.

Hassana

*

Abakpa
2 ga Yuli

Sharhabil,

Ko kana lafiya ko ba ka lafiya, mu ba mu sani ba.

Wata guda ke nan babu amsa. Na kira Zahra'u ta ce kana teku. Da can ma kana teku kake samun layin da za ka kira birkila ka ce a sare ginshiƙi.

Masu turakun ƙarfe suna zuwa mini gida duk Asabar. Malam ne yake biyansu daga aljihunsa, mutumin da ka ce danginsa sun haɗa baki a cuce ka. Maƙwabcinka na Mando, wanda katangarsa take jingine da taka, ya ce in gininka ya faɗo masa a kan ɗakin 'ya'yansa, ni zai kai ƙara don ni ya sani. Ya yi gaskiya, kai wa ya san fuskarka a layin?

In fushi kake yi, ka yi da ni, gini bai san fushi ba. In kuma kunya ce, ka ajiye ta sai an gama damina. Ranar sallar layya Gwaggo ta sa an zaunar da ita tun safe da waya a cinya. Har la'asar tana nan. Na ce mata layinku ne ya lalace. Ban san ko ƙarya na yi mata ko gaskiya ba.

Hassana

*

Fatakwal
11 ga Yuli

Yaya Hassana,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna, ina gaida Malam. Na yi waya da ita ɗazu, kina ofis.

Gaskiya kika faɗa mata. Wanda zai canje ni bai zo ba, aka riƙe ni zango biyu a jere, kuma na'urar sadarwarmu ta lalace, sai saƙon aiki kaɗai ake bari ya fita. Da na sauko, zazzaɓi ya kwantar da ni a asibitin kamfani. Wasiƙunki biyu tare na karanta su. Kin yanke mini hukunci ba ki tambaya ba, amma na san abin da za ki ce, don haka a bar shi.

Na ga hotunan tsagar da kika haɗo. Na kira Malama Ilham, mun yi magana mai tsawo. Na nemi ragi, ta ce ragin da za ta iya yi ta yi shi tun a Afrilu. Na tura mata kuɗinta cif. Na tura wa Malam abin da ya kashe a turaku. Motar da nake tara wa kuɗi ta tafi, Zahra'u ba ta yi mini magana tun jiya.

Shamsuddeen bai ce mini ginshiƙin yana ɗauke da dekin ba. Cewa ya yi akwai fila a bangon. Ni ba magini ba ne. Ke ma da kin bayyana mini halin Inna sosai a wasiƙar farko, maimakon ki ce ta miƙe, da duk ba a kai nan ba.

Malama Ilham ta ce tana bukatar wanda zai riƙa tsayawa a wurin, kuma ta fi son ke. Ki koma.

Sharhabil

*

Abakpa
20 ga Oktoba

Sharhabil,

Muna lafiya. Gwaggo tana takawa daga gado zuwa ƙofa da sanda, ana riƙe da ita ta gefe ɗaya. Na rubuta dalla-dalla don kada a sake cewa ban bayyana ba.

Wata uku ban rubuto maka ba, don rahoton aiki Malama Ilham tana turo maka, ni kuma ba ni da abin da zan ƙara. Na koma Mando ne saboda Gwaggo, ba don ka ce in koma ba.

An gama ƙasa. Hukuma ta buga hatimi. Ɗakin ya yi kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Taga biyu, ƙarfen dafawa a banɗaki, ƙofar da keke yake shiga har da sauran wuri.

Jiya Asabar muka kai Gwaggo ta gani. Malam ya tura ta ta kan gangaren har cikin ɗakin. Ta sa aka zagaya da ita, ta shafa bango da hannunta mai lafiya, ta leƙa banɗaki. Ta ɗaga hannu ta yi maka addu'a mai tsawo, har Malama Ilham tana share ido. Na ce, "Gwaggo, sai a sa ranar tarewa, Zahra'u tana zuwa da yara in an yi hutu."

Ta ce, "A mayar da ni gida."

Na ce ai nan ne gida. Ta ce, "Hassana, jikina ne ya shanye, kunnena bai shanye ba. Ranar da kike karanta wa Haruna takardar yaron nan a tsakar gida, ina jin ku ta taga. Na ji inda ya ce nawa ne naki." Wata biyar tana riƙe da maganar nan, ko a fuska ba ta nuna mini ba, kuma kullum kuna gaisawa a waya.

Na ce ya wuce. Ta ce, "A wurinki. Ni ba zan kwana a ɗakin da aka kira 'yar yayana ɓarauniya a kansa ba. Ya zo ya tsuguna a gabanki, a gaban mijinki, ya janye da bakinsa. In bai zo ba, a zuba masa buhunan masara a ciki."

Malam ya lallashe ta, ni ma na yi. Ka san ta.

Kada ka ɗauka daɗi na ji. Ni da nake ƙirga kwanakin da bayana zai huta, yanzu ka jawo mini zaman da ba shi da rana. Likita ya rubuta mini bel na ɗaure ƙugu, da shi nake zuwa ofis. Makullanka suna wurin Malam.

Hassana

*

Fatakwal
23 ga Oktoba

Yaya Hassana,

Ina gaisuwa. Na kira Inna sau uku, da ta ji muryata sai ta miƙa wa Malam wayar.

Wasiƙar da na rubuto miki ke kaɗai, me ya kai ta tsakar gida da babbar murya? Kin san tagarta tsakar gidan take kallo. Ba na cewa da gangan kika yi, amma kin bar ni ina ta zuba kuɗi a ɗakin da ba za a shiga ba.

Na nemi hutun mako ɗaya, sun ba ni ba tare da albashi ba. Zan taso ranar Alhamis ta mako mai zuwa, in kwana a Abuja, in iso Juma'a. Abin da Inna ta ce in yi zan yi, tunda ita ta ce. Ki gaya mini lokacin da Malam yake gida. Ba na son a tara mini mutane.

Sharhabil

*

Abakpa
24 ga Oktoba

Sharhabil,

Allah ya kawo ka lafiya.

Ba wanda zai tara maka mutane. Kuma in don Gwaggo ta ce ne kawai za ka tsuguna, ka yi mata, ni ba na bukata.

Malam yana gida bayan sallar Juma'a, amma kada ka jira sai lokacin. Ka kwana a Kaduna ranar Alhamis, ka zo Juma'a da ƙarfe bakwai na safe. A lokacin ake sauko da ita daga gado a sa ta a keke, a fito da ita a ɗora ta a mota zuwa gashi, a sauke ta, a sake ɗora ta, a dawo da ita. Ranar ba zan taɓa ta ba. Kai za ka ɗauka, tun daga farko har ƙarshe, kuma hannun hagun ba ya riƙe wuya, sai ka tallafe shi da kafaɗarka.

In mun dawo, in har kana iya tsugunawa, sai mu ji abin da ka zo da shi.

Hassana